Jar Hula da Malfar Manomi



Mu da muka fito daga Talata Mafara da Bakura da Maradun, an nemi mu yi magana a kan hular da mutum kan sa don nuna kishin ƙasa. Wani zai ce ai wannan zancen maɗinka ne. Mu kuwa muna ganin zancen alkawari ne, gama wanda ya ɗora alama a kansa lalle ya ɗauki bashi.

A daular Rum ta dā, in ubangida ya 'yanta bawansa, akan ba shi wata hula ya sa, don kowa ya shaida shi ɗa ne. Da Faransawa suka fara juyin juya hali a 1789, sai suka mai da jar hula alamar 'yanci. Ran 20 ga Yuni 1792 talakawan Paris suka kutsa fadar Sarki Luwis na 16, suka tilasta masa ya sa ta. Ya sa, amma talakawa ba su ga halinsa ya sāke ba, bayan wata bakwai kuwa aka sare masa kai.

Mu ma a Arewa muna da tamu. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, aka kuma san jagoranta Malam Aminu Kano da farar riga da jar hula, watau shigar da mabiya Kwankwasiyya suka ɗauka daga baya. Darajar hular Malam daga aikin da ya biyo ta take. Da jam'iyyarsa ta PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali, talaka ya ga sawaba da idonsa.

To, yanzu mu dawo gida, inda manomi ke yini a rana da malfa, wadda ba jam'iyyar da ta mai da ita tuta. An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, aka karɓe gonaki, aka tashe ƙauyuka, aka bar manoma suna jiran diyya. Da haƙurinsu ya ƙare suka tare hanyoyin ma'aikatar. A watan Afrilu 1980, lokacin da ake yayin hular Shagari a ofisoshi, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, suka ƙone gidaje. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, masu bincike kuwa suka ce ɗaruruwa suka mutu. Waɗannan mutane sun tsaya wa haƙƙinsu har rai, alhali ba su da wata hular 'yanci sai malfar kaba.

Jikokinsu ma ba su huta ba. A Fabrairu 2021 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe, kuma mun ga ƙauyukan Zamfara inda sai manomi ya biya ɗan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa. Ashe harajin da aka soke da alƙalami ya komo da bindiga.

'Yan'uwa, ba mu hana kowa sa hularsa ba, ja ce ko zanna. Amma gobe mu ne a ofisoshin ƙasa da safiyo, mu ne a hukumomin raya kogi, takardun diyya kuwa a teburinmu za su sauka. Ran da dattijo ya shigo, ya tuɓe malfarsa ya durƙusa yana neman haƙƙin gonarsa, mu tashe shi, mu ba shi kujera, mu sa hannu a takardarsa ba tare da neman na goro ba. Wanda ya gaza wannan, to, ya tuɓe hularsa ya ajiye, gama ya ci bashin da bai biya ba.

Allah ya ji ƙan mutanen Bakolori, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Haza wasalam.