Tashar Talabijin ta Wasanni: Ina Namu Rabon?



An umarce ni da in yi tsokaci a kan tashar talabijin ta ƙasa wadda aka keɓe domin wasanni. Kafin mu duba inda muke, ya kyautu mu waiwayi inda aka fito. A shekarar 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya, a Ibadan, na Kaduna ya biyo baya a 1962, sannan a 1977 aka haɗe gidajen ƙarƙashin hukuma guda, wato NTA. Da yawa daga cikinmu ba mu manta da 1980 ba, sa'ad da Nijeriya ta ci Aljeriya 3 da nema a Legas ta ɗauki Kofin Afirka, ko kuma 1996, da 'yan wasanmu suka ci Ajantina 3 da 2 a gasar Olamfik ta Atlanta suka karɓo lambar zinariya. A ranakun nan akwatin talabijin ɗaya kan tara unguwa guda, kuma ba a tambayar kowa yarensa. Daga baya hukumar ta ware wa wasanni tasha tasu, NTA Sports 24.

To, amma mallakar tasha daban, abin da za a nuna a cikinta daban. Wasan ƙwallon Turai ba kyauta ake ɗaukarsa ba. Sayen izinin nuna shi ake yi da kuɗin ƙasashen waje, wanda ya fi tsoka shi ke samu, shi kuma ya fanshe daga aljihun mai kallo. Shi ya sa yaranmu ke cincirindo a gidajen kallo suna biya, har yaro ya iya lissafa 'yan wasan Ingila ɗaya bayan ɗaya, alhali bai san sunan ɗan damben garinsu ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A ganina, tashar ƙasa ba ta da dalilin yin tsere da masu dala. Arzikinta yana gida: dambe, kokawa, langa, sukuwar dawaki, gasar kamun kifi ta Argungu, da ƙwallon ƙungiyoyinmu. Kano Pillars ta lashe gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, kuma a cikinta Ahmed Musa ya yi fice kafin ya ci wa Nijeriya ƙwallaye biyu a ragar Ajantina a Kofin Duniya na 2014. Mu dubi maƙwabtanmu na Nijar: tun 1975 suka fara gasar kokawa ta takobin ƙasa, gidan talabijin ɗinsu yana nuna ta, har ɗan kokawa ya zama abin alfaharin jiharsa. Abin da ido ya saba gani, shi zuciya ke girmamawa.

Sai dai kada mu ɗora wa tasha dukkan nauyin. Mai ɗaukar hoto ba ya zuwa inda babu abin ɗauka. A zamanin da nake koyarwa, babu makarantar da ba ta da ranar gasar gudu da tsalle-tsalle, kuma a nan ake gane yaro mai baiwa. Yau filaye da dama sun zama shaguna, wasu sun zama juji. In babu fili, ina za a samu ɗan wasa?

Don haka ina ba da shawara uku. Na ɗaya, a kewaye filayen makarantunmu kafin su salwanta. Na biyu, a farfaɗo da gasar makarantu, a sa mata lokaci tsayayye kowace shekara, a haɗa da dambe da kokawa da langa. Na uku, in gasar ta kafu, a rubuta wa gidan talabijin takardar gayyata, a kuma nemi a gabatar da ita da Hausa, domin iyaye su fahimta.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.