Garmaho, Amanar Magabata

 

Cikar sarauta shekara 100 lokaci ne na ƙidayar gado, garmaho kuwa yana cikin gadon da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Emile Berliner ne ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1887. A 1906 kamfanin Victor ya fito da samfurin Victrola, mai ƙaho ɓoye cikin akwatin katako. Ba ruwansa da lantarki: da hannu ake wana shi, faifai ya juya sau 78 a minti, kowace fuska tana ɗauke da waƙar kamar minti 3.

Sai dai faifan yana fashewa tamkar tangaran, dakusasshiyar allura tana cinye shi, gara kuma tana cin akwatin. Faifai ɗaya in ya fashe, muryar makaɗin da ya kwanta dama tana iya ɓacewa har abada.

Saboda haka duk gidan da ya gaji garmaho ko faifai, kada ya sayar wa dillalai. A kawo fada, a rubuta sunan mai shi, a kwafe sautin a kwamfuta domin jikoki. Allah ya ƙara wa sarauta albarka, amin.