A Ja Gado A Duba Bayansa

Yau zancenmu a kan shara ne, sharar ɗakin kwana. Wataƙila wani maigida zai ce, "Ai wannan zancen mata ne." Ɗan'uwana, kada ka kashe rediyo tukuna, gama gado ba ya jawuwa da hannun mutum ɗaya, kuma kai ma a kansa kake kwana.

A ƙasashen sanyi, kamar su Ingila da Jamus da arewacin Amurka, akwai wata al'ada da suke kira sharar bazara. Bazararsu ita ce lokacin da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho. Daga watan Disamba har ƙarshen Fabrairu sanyi yakan yi tsanani, mutane su rufe ƙofofi da tagogi. A zamanin da, kafin wutar lantarki, da kwal da itace suke ɗuma gida, da kyandir da fitilar mai suke ganin haske. Kafin sanyin ya wuce, kunkunniya ta kama bango da labule da kayan shimfiɗa. Idan Maris ko Afrilu ya kama, sai a buɗe tagogi, a fitar da kaya waje, a wanke gida tun daga sama har ƙasa. Yau yawancin gidajen ba sa ƙona kwal, amma al'adar tana nan. Mutanen Iran ma suna da irin tasu kafin sabuwar shekararsu, wadda take faɗuwa ranar 20 ko 21 ga Maris. Sunan da suka ba ta, ma'anarsa ita ce kakkaɓe gida.

Amma wadda ta fi kusa da mu masu karanta Littafi Mai Tsarki ita ce ta Yahudawa. A Littafin Fitowa sura 12 aka umarci Isra'ilawa su fitar da yisti daga gidajensu saboda Idin Ƙetarewa, su yi kwana 7 suna cin abinci marar yisti. Har wa yau Yahudawa masu kiyaye wannan idi sukan yi kwanaki suna share gida kafin ya zo, cikin Maris ko Afrilu. Ba madafa kaɗai suke dubawa ba. Sukan bi ɗakin kwana, su zazzage aljihun riguna, su duba ƙarƙashin gado, ko wani yaro ya taɓa shiga can da gutsuren burodi. A daren da idi zai kama gobe da yamma, maigida yakan ɗauki kyandir ya bi lungu lungu yana nema. Abin da aka samu, da safe a ƙone shi. A wannan lokaci na shekara ne Ubangijinmu ya ci jibin ƙarshe da almajiransa, shi ya sa Ista take zuwa kusa da idin, tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da hunturu. Wata uku iska tana kwaso ƙura daga hamada, mu ma muna rufe tagogi, muna ƙudundune cikin bargo. Sa'ad da sanyi ya janye, zafi ya fara, ɗakunanmu sun cika da abin da hunturu ya bari. Don haka lokacin da ya dace da su ya dace da mu.

To, me ya sa na zaɓi ɗakin kwana? Domin shi ne ɗakin da baƙo ba ya shiga. Falo yana shan shara kullum, gama muna jin kunyar idon mutane. Ɗakin kwana kuwa, a gyara shimfiɗa, a share tsakiya, a tura sauran ƙarƙashin gado, a saki labule. Alhali wajen kashi ɗaya cikin uku na ran mutum a barci yake ƙarewa. Wanda ya shekara 60 ya yi wajen shekara 20 a kan gado, yana shaƙar iskar ɗakin nan.

Akwai waɗansu ƙananan ƙwari da suke zama cikin katifa da filo da bargo. Girmansu bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsu. Abincinsu shi ne ɓarɓashin fatar da take zuba daga jikinmu, suna kuma son ɗumi da laima. A shekara ta 1964 masu bincike a ƙasar Holan suka nuna cewa su ne babban dalilin da ƙurar ɗaki take sa waɗansu mutane atishawa da toshewar hanci, tana kuma tayar da asma. Sau da yawa yaron da yake tari da dare, da rana kuwa lafiya lau, damuwarsa tana cikin shimfiɗarsa. Ga kuma kuɗin cizo, wanda kowa ya sani. Yakan ɓuya cikin ɗinkin katifa da tsagar katakon gado, yana iya yin watanni bai sha jini ba, yana nan da rai yana jira.

Bari in faɗi yadda ake aikin, ko da yake iyayenmu mata sun fi ni sani. A zaɓi rana guda mai hasken rana, a fara da sassafe. A buɗe taga da ƙofa. Mai asma ya fita waje, masu aikin su ɗaura ƙyalle a hanci. A kwashe zanen gado da rigar filo da labule, a wanke da ruwan zafi. Ruwan da ya kai digiri 60, wato wanda ya fi ƙarfin hannu, yana kashe ƙwarin nan. A fitar da katifa da filo da bargo a shanya a rana, a bubbuge su da sanda, da tsakar rana a juya ɗaya gefen. Gidan sauro mai magani shi kam a wanke shi a hankali da sabulu marar ƙarfi, a shanya a inuwa, gama rana tana rage ƙarfin maganin.

Sa'an nan a fara daga sama. A kwashe yanar gizo, a goge fanka da saman ƙofa da saman kabad, domin wanda ya fara da ƙasa zai yi shara sau biyu. A yi amfani da jiƙaƙƙen tsumma, gama busasshe tayar da ƙura kawai yake yi, ta koma ta sauka a wani wuri. Bayan haka a ja gado daga jikin bango, a jawo akwatuna da kwalaye. A sa takalmi, a lura da inda ake sa hannu, gama lokacin zafi kunama tana son irin wuraren nan. In akwai kuɗin cizo, a fitar da gadon waje a zuba tafasasshen ruwa cikin mahaɗansa. In an fesa maganin ƙwari, kada kowa ya kwana a ɗakin sai iska ta ratsa shi sosai, kada kuma a fesa a kan katifa ko filo. Kada a gauraya bilic da wani ruwan wanki, gama haɗin yana iya fitar da iska mai guba. A ƙarshe a buɗe akwatin tufafi. Rigar da ta shekara biyu ba a sa ba, akwai mai bukatarta a ikkilisiya ko a unguwa. Maganin da kwanansa ya ƙare kuma a raba shi da ɗakin, kada yaro ya same shi.

'Yan'uwa, bari in gaya muku abin da ni na samu a bayan gadona. Akwai shekarar da agogona na hannu ya ɓace. A lokacin ɗan wana yana zaune tare da mu yana makaranta, shi ne kuma yake share mana ɗaki. Na tambaye shi, ya ce, "Baba, ban gani ba." Ban doke shi ba, ban kira shi ɓarawo ba, amma daga ranar na fara kulle ɗakina, na daina aikensa da kuɗi. Yaro ya gane. Da hutu ya zo ya tafi gida, ya ce wa mahaifinsa ba zai komo ba. Bayan shekara biyu, mako guda kafin Ista, ni da uwargida muka ja gado domin shara. Sai ga agogo a tsakanin katako da bango, ƙura ta rufe shi. Uwargida ta dube ni, ba ta ce kome ba. Na zauna a bakin gado, na rasa ƙarfin tashi. Shekara biyu ina kwana a kan shaidar cewa yaron nan ba shi da laifi, ban kuwa taɓa jan gadon in duba ba. Ran Asabar na shiga mota na tafi ƙauye da agogon a aljihu. A gaban wana na roƙi yaron gafara. Ya ce, "Ba kome, Baba." Amma karatun da ya katse bai koma daidai ba, wannan kuwa ina ɗauke da shi har yau.

Manzo Bulus ya san al'adar fitar da yisti tun yana yaro. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura 5, ya yi misali da ita sa'ad da yake tsauta wa ikkilisiya a kan zunubin da suka bari ya zauna a tsakaninsu. In kun sami zarafi ku karanta surar yau da dare. Zuciyar kowannenmu tana da falo, tana da ɗakin kwana. Falon shi ne abin da ake gani ran Lahadi, gaisuwa da waƙa da baiko. Ɗakin kwanan shi ne abin da muke tunani bayan an kashe fitila. Can ne zato yake, da fushin da miji da mata suke kwana da shi sun juya wa juna baya, da bashin da muka yi kamar mun manta. Addu'ar kowace safiya tana kama da sharar tsakar ɗaki, tana da kyau ƙwarai. Amma akwai abin da ba ta kai wa gare shi, sai mutum ya keɓe rana, ya roƙi Ubangiji haske, ya duba wurin da ya daɗe yana gudu. Ubangiji ya riga ya san abin da yake can, bai kuwa ƙi mu saboda shi ba. Mai gafara ne ga wanda ya fito da laifinsa fili.

Saboda haka ga roƙona. Kafin Ista ta bana, ku sa rana, maigida da uwargida da yara, ku fitar da katifa, ku ja gado. Idan kun gama, ɗaki ya sha iska, kowa ya tambayi kansa ko akwai mutumin da ya kamata ya je wurinsa. In akwai, kada ka jira shekara biyu kamar ni.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin ɗakin da ka ba mu da barcin da kake ba mu. Ka ba mu himma mu tsabtace wurin kwananmu domin lafiyar 'ya'yanmu. Ka nuna mana abin da muka ɓoye a zuciya, ka ba mu ƙarfin hali mu nemi gafara wurin waɗanda muka yi wa laifi. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya yarda. Ku huta lafiya.