Manhajojin Ofis Na Kyauta: Wa Ke Riƙe Da Linzami?



Abin da ya tara mu a yau shi ne batun manhajojin ofis, watau waɗanda muke buga takardu da su, mu tsara jadawalin lissafi, mu shirya allunan gabatar da jawabi. Yawancinmu mun saba da Microsoft Office, wadda ake biyan kuɗi kafin a yi aiki da ita, kuma ba mai ikon ganin yadda aka gina ta sai kamfaninta. Akwai kuma waɗansu da ake kira buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda aka bayyana asalin rubutun da aka gina su da shi, domin kowa ya duba, ya gyara, ya raba wa wani. Sau da yawa mukan ji ana cewa duk buɗaɗɗiyar manhaja ɗaya ce da 'yar'uwarta, tun da dai kyauta ce. Mu kuwa ra'ayinmu shi ne, abin da ke raya irin wannan manhaja ko ya kashe ta, shi ne yadda ake tafiyar da jama'ar da ke gina ta.

Bari mu fara da tarihi. Wani kamfanin Jamus mai suna Star Division ne ya ƙera StarOffice. A 1999 kamfanin Sun Microsystems na Amurka ya saye shi, a 2000 kuma ya buɗe asalin rubutun manhajar da sunan OpenOffice.org. Amma Sun ya gindaya sharaɗi: duk wanda ya kawo gudummawar aiki sai ya sa hannu ya ba kamfanin haƙƙin mallaka a kan abin da ya rubuta. Masu aikin sa kai da yawa ba su ji daɗin haka ba, gama sun ga suna noma ne a gonar wani.

A farkon 2010 kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun. Tsoro ya kama masu aikin, don ba su san abin da sabon maigidan zai yi da manhajar ba. A watan Satumba na wannan shekara wani rukuni daga cikinsu ya ɗauki asalin rubutun, kamar yadda lasisi ya ba shi dama, ya kafa The Document Foundation, ya raɗa wa manhajarsa suna LibreOffice. A 2011 Oracle ya miƙa OpenOffice ga gidauniyar Apache. Daga nan uwa ɗaya ta zama ta haifi 'ya'ya biyu, kowacce ta kama hanyarta.

Bambanci na farko yana wajen lasisi. Lasisin Apache mai sassauci ne ƙwarai: kowa na iya ɗaukar aikin, ya ƙara masa abin da ya so, ya rufe, ya sayar, ba tare da ya bayyana gyaran da ya yi ba. LibreOffice kuwa tana ƙarƙashin lasisin Mozilla, wanda ya wajabta cewa in ka gyara wani sashe ka raba wa jama'a, to ka bayyana gyaran a ƙarƙashin lasisin nan dai. Sakamakon haka LibreOffice tana iya ɗibar aikin Apache OpenOffice, amma ita Apache ba ta iya ɗibar na LibreOffice. Ruwa yana gangarowa ta ɓangare guda ke nan.

Bambanci na biyu shi ne waɗanda ake dogaro da su. Apache OpenOffice ta jingina ƙwarai da ma'aikatan kamfanin IBM. Ta fitar da 4.0 a 2013, da 4.1 a 2014. Da IBM ya janye hannu, sai aiki ya yi sanyi, har a 2016 shugaban aikin, Dennis Hamilton, ya kawo shawarar a tattauna yiwuwar rufe shi saboda ƙarancin masu gyara. Shekara goma bayan fitowar 4.1 ba a wuce wannan layin ba, sai ƙananan gyare-gyare. LibreOffice kuwa tun farko ta soke sharaɗin miƙa haƙƙin mallaka, ta tara masu sa kai tare da kamfanoni daban-daban, irin su SUSE da Red Hat da Collabora, ta kuma ɗora wa kanta fitar da sabuwar fitowa duk bayan wata shida. Da wani kamfani ya ja baya, sai wani ya ci gaba. Hausawa dai sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai hanya ta uku, watau ta OnlyOffice, wadda kamfanin Ascensio System na ƙasar Latbiya ya gina. Asalin rubutunta a buɗe yake, amma kamfani ɗaya ne ke tsara inda za ta nufa, yana kuma sayar da wani nau'inta ga 'yan kasuwa. Ta zaɓi tsarin adana takardu irin na Microsoft, saboda haka takardun Word sukan buɗe a cikinta ba tare da hargitsewa sosai ba. Wannan fa'ida ce babba ga ma'aikacin da kullum ake aiko masa irin waɗannan takardu. Sai dai darasin Sun da Oracle yana nan: in linzami yana hannun kamfani guda, ranar da ya canza shawara ko aka saye shi, sai kowa ya bi.

Kada kuma a ɗauka LibreOffice ba ta da aibu. Wani lokaci takardar da aka tsara a Word takan sauya fasali a cikinta, kuma tafiyar jama'a da yawa ba ta rasa gardama da jinkiri. Amma tana adana takardu a tsarin ODF, wanda hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006, kuma an bayyana ƙa'idojinsa ga kowa. Wannan na daga cikin abin da ke jan hankalin gwamnatoci. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta ba da sanarwar mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa LibreOffice.

'Yan'uwa, gobe mu ne za mu zauna a ofisoshi, a kawo mana takarda mu ba da shawarar abin da ma'aikata za ta yi aiki da shi. Takardun fili, da na fansho, da na kotu, ana bukatar a buɗe su bayan shekara talatin. Saboda haka kada araha kaɗai ta ruɗe mu. Mu tambaya: wa ke da ikon yanke shawara a kan manhajar nan? Mutum nawa ke gyara ta, kuma yaushe aka toshe kafar tsaro ta ƙarshe? In mai ɗaukar nauyinta ya tafi, wa zai riƙe? A wane tsari take adana takardu? Ma'aikacin da ya nemi amsoshin nan kafin ya sa hannu ya kare dukiyar jama'a.