Haƙƙin Rafi a Kan Mai Haƙar Ma'adini

Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta haramta wa mai haƙa gurɓata magudanar ruwa, ta kuma wajabta masa gyara ƙasar da ya tona. Amma duk wanda ya ga yadda ake wanke zinariya a bakin rafi, ana cuɗa ta da zaiba, wadda kan kwanta cikin laka har ta shiga naman kifin da masunci zai kai kasuwa, ya san hukuncin nan bai sauko daga takarda ba. Musibar gubar dalma da sarrafa zinariya ya haddasa a Zamfara a 2010, wadda ta halaka ɗaruruwan yara, ta isa hujja. Muna roƙon hukuma ta riƙa aika masu duba rafukan nan tun kafin ta ba da izini.