Kowane Kan Jirgi Da Hanyarsa

Yau zancenmu a kan jirgin ƙasa ne, irin na dā mai hayaƙi.

Jirgin ƙasa ya fara isowa Kano a 1911. Abin da ke jan taragai shi ake kira kan jirgi. Abincinsa kwal ne da ruwa. Kwal ɗin daga Inugu ake haƙo shi. A hura wuta, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu, jirgi ya tashi.

To, ku lura. Ba kowane kan jirgi ke hawa kowace hanya ba. Faɗin dogon Ikko zuwa Kano ƙafa 3 ne da inci 6. Amma akwai wata 'yar hanya da aka shimfiɗa daga Zariya, ta kai Jos a 1914, don ɗauko kuza. Ita faɗinta ƙafa 2 ne da inci 6. Saboda haka aka ba ta nata ƙananan kawunan jirgi. Kayan da suka kawo Zariya sai an sauke, a sake loda su a babban tarago.

Ina ruwan manomin Kano da wannan? Da ruwansa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gyaɗa ta yi albarka, amma kawunan jirgi sun tsufa, sun kuma yi kaɗan. Buhuna suka rasa abin da zai kai su Ikko. Aka yi ta jera su har suka zama dala. Gyaɗar da ta daɗe a ajiye kuwa, ƙwari ba sa barinta.

Wani zai ce, me ya hana a aro na hanyar Jos? Ba dama. Ƙafafunsu ba za su zauna a kan babban dogo ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Sai da aka sayo sababbi daga Ingila a 1948, aka sa musu sunayen koguna. A 1955 masu shan dizal suka fara aiki. A 1957 aka rufe 'yar hanyar Jos, don tun 1927 babban dogo ya kai can ta Kafancan.

Don haka, kafin ka ari kayan aiki ko ka yi hayarsa, fara auna ko zai dace da wurinka.

Allah ya ba mu alheri.