Abin Sha Da Abincin Ranar Hawa

Yau hirar tamu a kan abin ci da abin sha ne na ranar da dawaki suka fito.

Kun san dai a ƙasar Daura, ko da Ƙaramar Sallah, ko Babba, ko Sallar Gani ta watan Rabi'ul Awwal, hakimai kan taho da dawakinsu da jama'arsu su gaida Sarki. A kwanakin Sallah a yi Hawan Magajiya, gari ya cika ya batse. Mahaya sun sha rawani da alkyabba cikin rana, ga makaɗa, ga masu busa, ga 'yan kallo. To duk wannan taro ƙishirwa ke jiransa, kuma abin da zai kashe ta daga madafinku yake fitowa, ku da ko ƙofar gida ba ku leƙa ba.

Ba mu kaɗai ke haɗa doki da abin sha ba. A Amurka, a garin Luwisbil na jihar Kentaki, akwai wata babbar sukuwa da aka fara tun 1875, akan yi ta Asabar ta farkon watan Mayu. Gudun kansa minti 2 ne ko ɗan fiye, amma an san taron da abin shansa na na'ana'a da sukari da ƙanƙara, wanda akan sayar da sama da kofi 100,000 cikin kwana 2. Sai dai nasu da giya a ciki, mu kuwa Allah Ya raba mu da ita. Namu su ne zoɓo, lamurje, kunun aya, kunun zaƙi da fura da nono. Abin da ya rage gare mu shi ne mu kyautata su, kada abin da aka sha don murna ya kai mutum gadon asibiti.

Na farko ruwa. Zoɓo ana tafasa shi da citta da kanumfari, ki ƙara na'ana'a ko ɓawon abarba da kika wanke. Inda ake samun matsala shi ne wajen sirki. An tafasa, an tace, sai a ɗebo ruwan rijiya ɗanye a ƙara don ya yi auki. To an rushe aikin ke nan. Ruwan sirki ma a tafasa shi tun dare, a rufe, ya huce.

Na biyu ƙanƙara. Sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar amai da gudawa. In ba ki san ruwan da aka yi ƙanƙarar da shi ba, kada ki fasa ta cikin abin sha. Bar ta a ledarta, ki jera robobin kewaye da ita cikin kula. Robobin kuwa, in waɗanda aka taɓa amfani da su ne, a wanke da sabulu da ruwan zafi, har murafen.

Na uku lokaci. Kunun aya ba ya hawa wuta, shi ya sa yake saurin lalacewa. In babu sanyi, 'yan awoyi kaɗan zai fara tsami. Ki jiƙa ayarki da dare, ki kai markaɗe da asuba, ki yi daidai wanda zai ƙare kafin azahar. Wanda ya yi kumfa ko ya kumbura roba, a zubar, kada a ƙara masa sukari a ce ya gyaru. Ku tuna Sallah tana matsowa da kwana 11 duk shekara. A 2025 Ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen Maris, tsakiyar zafi, Gani kuma cikin Satumba, damina ba ta ɗauke ba. Zafi na ɓata abin sha, damina na gurɓata rijiya.

Sai abinci. Waina da miyar taushe da tuwon shinkafa na baƙin da za su zauna su ci da zafinsa ne. Miyar da ta wuni a mayar da ita wuta har ta tafasa, ɗumi kaɗai bai isa ba. Guzurin maigida ko samarin da za su bi dawaki kuwa, a ba su abin da ke jure rana: dambun nama, soyayyen nama, cincin, dubulan, alkaki.

Masu sana'a, na san ranar hawa ranar ciniki ce. Amma don Allah kada a ɗora wa ƙaramar yarinya tire a tura ta cikin dawaki. Lokacin jafi doki a guje yake, mahayi ba ya iya tsayar da shi nan take. A ba babban yaro mai hankali, ko a karɓi oda tun jajibiri a zo zaure a ɗauka. Ribar zoɓo ba ta biyan karaya.

In kuma an samu mai gudawa, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na sacet. In babu, a samu tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. A riƙa ba shi, a kuma garzaya asibiti, musamman yaro da tsoho.

Iyayena, mahayi ya yi ado an yaba, ke kuwa yabonki shi ne a sha naki a kwana lafiya, a dawo baɗi ana tambayar na gidanki. Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya maimaita mana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.